Dillalin Aiki a Intanet: Yaushe La'adarsa Take Halal, Yaushe Take Zama Cin Amana?

Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa, daren Talatar da ta wuce bayan sallar Isha wani matashi cikin masu zama karatunmu na Risala ya ƙi tashi har jama'a suka watse. Na san shi, sana'arsa haɗa shafukan intanet, kuma da ita yake riƙe da mahaifiyarsa da ƙannensa. Ya matso ya ce, "Allah gafarta Malam, ina da tambaya, amma raina a ɓace yake."

Wata huɗu ke nan yana yi wa wani kamfani na ƙasar waje aiki. Wani ejan ne ya samo masa aikin, ya gan shi a LinkedIn ya tuntuɓe shi, kuma ta hannun ejan ɗin kuɗi ke zuwa, dala 400 duk wata. Ranar nan wani ma'aikacin kamfanin ya yi kuskuren saka shi cikin wani saƙon imel, sai ga takardar biyan kuɗi: ashe dala 1,000 kamfanin yake ba ejan duk wata a kan aikinsa. Ya ce, "Malam, wannan ɗari shidan da yake ci, halal ɗinsa ce ko haƙƙina ne? Kuma ya halatta in kewaye shi in yi magana da kamfanin kai tsaye?"

Ban ba shi amsa a daren ba. Na ce ya je ya tono mini saƙonnin da suka yi tun farkon haɗuwarsu, in ga da wace riga mutumin ya zo masa, domin a nan hukuncin yake. Kafin ya dawo na ga ya dace in rubuta wannan darasi, tunda irin tambayar ta yi yawa a akwatin saƙona.

Bari mu fara da yadda harkar take, saboda dattawanmu da ke karanta wannan shafi, kuma saboda ƙa'ida ce a wurin malamai cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san surarsa.

Ɗan kwangila a nan ba mai gina kwalbati nake nufi ba. Mutum ne mai sana'a a hannu, rubutun manhajar kwamfuta, ko zane, ko fassara, ko lissafin kuɗi, wanda ba a ɗauke shi aikin dindindin ba, jinga yake yi: a ba shi aiki, ya gama, a sallame shi, ya nemi wani. Wuraren neman aikin iri biyu ne. Akwai allon talla kawai, irin LinkedIn da aka buɗe a 2003, ko Jobberman da wasu ɗalibai uku na jami'ar Ile-Ife suka kafa a 2009. A nan za ka ga talla ka tura takardunka, abin da ya biyo baya tsakaninka ne da mai tallar. Akwai kuma kasuwa sukutum, irin Fiverr da ta fara a 2010, da Upwork da ta ɗauki wannan suna a 2015 bayan haɗewar Elance da oDesk. Waɗannan su ke riƙe kuɗin mai aiki a hannunsu har a gama, su cire kasonsu, su ba ka saura. Fiverr kashi 20 cikin ɗari take cirewa daga mai sana'a. Sai kuma na uku da ke yawo a tsakanin duk waɗannan, wato ejan, mutum ko kamfanin da ke farauto ma'aikata yana kai wa masu buƙata.

Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. Duk wanda ya taɓa shiga kara ya san dillali, ya san la'ada. Waya ce kawai ta shiga tsakani.

Asalin dillanci halal ne. Imamul Bukhari ya ƙulla babi guda a kan ladan dillanci a cikin Kitabul Ijara, ya ambaci cewa Ibnu Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasanul Basri ba su ga laifinsa ba. A nan ne ya kawo maganar Ibnu Abbas (RA) cewa babu laifi mutum ya ba wani tufa ya sayar masa, a kan duk abin da ya haura farashi kaza na mai sayarwar ne. Sahabi Ƙaisu bin Abi Garaza (RA) ya ba da labari, kamar yadda ya zo a Sunan, cewa a Madina da sunan dillalai ake kiransu, Annabi (SAW) ya zo ya kira su 'yan kasuwa, ya hore su da sadaka saboda rantsuwa da zancen banza da ke shiga cikin ciniki. Bai hana su sana'ar ba. Wani zai ce, to hadisin da ya hana ɗan gari ya sayar wa baƙauye kayansa fa, wanda Ibnu Abbas da kansa ya fassara da zama dillalinsa? Malamai sun ɗauki wannan a kan yanayin da shigar dillali ke jawo wa mutanen gari tsadar abin da suke buƙata, shi ya sa Bukhari bai ga karo tsakaninsa da halaccin la'ada ba.

Saboda haka kason da waɗannan kasuwanni ke cirewa, matuƙar an bayyana shi tun farko ka yarda, kuma aikin kansa na halal ne, babu komai a cikinsa. Ko ya yi yawa ko bai yi ba, wannan maganar ciniki ce. Ba zan tsaya a nan ba, don ba nan gizo ke saƙa ba.

Riga biyu da ejan yake sawa

Ejan yana iya zuwa maka a ɗayan matsayi biyu, kuma a zahiri kamanninsu ɗaya, amma a shari'a tsakaninsu akwai nisa.

Na farko, ya zo a matsayin wakilinka ko dillalinka. Ya ce, zan nemo maka aiki, zan yi maka ciniki, in an dace nawa kaza ne. A nan amintacce ne. Duk farashin da ya samo naka ne, shi la'adarsa kawai yake da ita. In kamfani ya ba da dubu ya zo ya ce maka ɗari huɗu aka bayar, ya ci amana, kuma abin da ya ɓoye haram ne a gare shi, bashi ne a wuyansa har ya mayar. Ku tuna ƙissar Urwatul Bariƙi (RA) da ke cikin Bukhari. Annabi (SAW) ya ba shi dinari ɗaya ya sayo akuya, ya sayo biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinarin gaba ɗaya. Bai soke dinarin a aljihu ya ce ai wayona ne ya samo ba. Ribar da wakili ya samo da sunan wanda ya wakilta shi ta mai wakilcin ce. Ita ma maganar Ibnu Abbas da na kawo a sama, ku lura, mai tufar ne da bakinsa ya ce abin da ya haura naka ne. Da saninsa aka yi. Masu kafa hujja da ita don su ci rarar da mai kaya bai sani ba sun ɗauki rabin magana sun bar rabi.

Na biyu, ya zo a matsayin wanda ya karɓi kwangilar da kansa. Shi ya ƙulla da kamfanin, shi za a kama in aiki ya lalace, shi zai nemo wani in ka gudu, sannan ya juyo ya ɗauke ka aiki a kan ladan da kuka shirya. A nan ciniki biyu ne mabambanta. Kamar tela ne da ya karɓi ɗinkin kayan makaranta, ya rarraba wa wasu teloli a kan farashin da ya gaza wanda ya karɓa. Mafi yawan malamai sun halatta wannan, in dai mai aikin bai shardanta masa ya yi da hannunsa ba. Kuma ba wajibi ba ne a kansa ya gaya maka nawa ya karɓa, kamar yadda ɗan kasuwa ba dole ne ya faɗa maka nawa ya saro ba. Za ka iya jin zafi in ka gano, amma jin zafi daban, haƙƙi daban.

Sai dai a nan akwai abu biyu da ke wuyansa. Ɗaya, yin shiru ya halatta, ƙarya ba ta halatta ba. In ka tambaye shi, yana iya cewa wannan sirrin kasuwancina ne. Amma ya ce maka wallahi kamfanin iyakar abin da ya ware ke nan, alhali ba haka ba ne, don ka sauko da farashi, wannan yaudara ce da baki, kuma wanda aka yaudara har aka yi masa mummunan rinjaye a farashi yana da ikon warware cinikin. Biyu, tunda shi ne ya ɗauke ka, ladanka a wuyansa yake, ko kamfani ya biya shi ko bai biya ba. Wannan magana ta "sai sun biya ni zan biya ka" da ejan da yawa ke yi, in ka duba, so yake ya ci ribar ɗan kwangila amma ya ɗauki kasadar dillali, wato babu. Ba a haɗa biyun. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Bayan haka lada da aka rataya shi a kan lokacin da ba a sani ba, ko a kan abin da zai iya faruwa ko ya ƙi, jahilci ya shiga cikinsa, kuma ijara ba ta son jahilci a lada ko a ajali.

Don haka tun kafin ka ce na yarda, yi masa tambaya ɗaya a rubuce: da wa nake ƙulla yarjejeniya, da kai ko da kamfanin? In ya ce da kamfanin, to nawa ne la'adarka, kuma wa zai biya ta? In ya ce da ni, to ranar nawa ga wata kake biya, ko an biya ka ko ba a biya ka ba? Ejan na kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. Wanda ya fara kwana-kwana, ka riga ka sami amsarka.

Abin da ya taɓa faruwa da ni

Shekarar da na dawo daga karatu, kafin a ba ni limanci, da fassara nake ɗan samun na cefane, Larabci zuwa Hausa. Na ga talla a wani shafi ana neman mafassara, na tura. Aka ce sai an yi mini gwaji, aka turo mini shafi goma sha biyu. Na kwana uku a kai, har ina duba ƙamus saboda kalma ɗaya. Na tura, shiru. Bayan wata biyu muna hira da wani abokin karatuna sai ya ce shi ma ya yi gwajin, amma nasa shafukan daga inda nawa suka tsaya suka fara. Muka nemo na uku, haka. Ashe littafi guda aka yayyanka aka raba mana da sunan gwaji, aka haɗa fassara kyauta. Har yau in na tuna sai in yi dariya, amma a lokacin ban yi ba.

Gwaji ba laifi ba ne, mai aiki yana da haƙƙin ya san ƙwarewarka. 'Yar dattijon Madyana ma, a ƙissar Annabi Musa (AS) cikin Suratul Ƙasas, da ƙarfi da amana ta kafa hujja a ɗauke shi aiki, kuma sai da aka ga alamarsu. Amma gwaji sakin layi ne ko biyu, ko aikin awa ɗaya. In ya kai abin da za a iya sayarwa, aiki ne, kuma a biya. Wanda ya ci gumin ma'aikaci ta wannan hanya ya tuna hadisin Ƙudusi da ke Bukhari a kan mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aiki cikakke, ya hana shi lada.

Dangin wannan akwai tallar aikin da babu shi. Wasu ejan suna liƙa talla mai daɗin albashi don kawai su tara takardun mutane, su je su nuna wa kamfanoni cewa muna da ma'aikata kaza a hannu. Wani kuma zai kira ka da fara'a, ya ce kafin in tura ka sai ka ba ni suna da lambar mutum biyu da ka yi wa aiki a baya. Kai kana zaton shaidarka zai nema, shi kuwa kasuwa yake nema, gobe zai kira su ya tallata musu wasu ma'aikatan. Wannan algus ne. Kai kuma lambar mutanen da suka amince maka amana ce, kada ka bayar sai magana ta kai ga an san sunan kamfanin kuma an yi ganawa, sannan ka nemi izinin masu lambar. Haka nan kada ka bar ejan ya tura takardarka inda bai gaya maka ba. Yakan faru ejan biyu su kai sunan mutum ɗaya kamfani ɗaya, rigimar la'ada ta tashi, kamfanin ya ajiye takardar gaba ɗaya don ya huta.

Kuɗi kafin aiki

Yanzu ga inda aka fi zubar da hawaye. "Kawo kuɗin fom." "Kawo kuɗin rajista." "Kawo rabi, biza ta kusa fitowa."

Yarjejeniyar da ke cewa in ka samo mini aiki zan ba ka kaza, a fiƙihu sunanta ji'ala, wato lada a kan sakamako. Asalinta yana cikin Suratu Yusuf, inda aka yi shelar kayan raƙumi guda ga duk wanda ya kawo ma'aunin sarki. A mazhabarmu ta Malikiyya mai ji'ala ba ya cancantar komai sai aiki ya kammala, kuma ba ya halatta a shardanta biyan kuɗin tun gaba, kamar yadda yake a Mukhtasar na Khalil. Dalilin malamanmu shi ne kuɗin yana lilo tsakanin abu biyu: in an dace ya zama lada, in ba a dace ba ya zama rance. Ku duba yadda wannan hukunci na ɗaruruwan shekaru ya toshe ainihin ƙofar da 'yan damfara ke shigowa ta ciki yau.

Dokar zamani ma nan ta fuskanta, har ta zarce. Yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1997, ƙa'idarta ita ce kamfanonin samar da aiki masu zaman kansu kada su caji ma'aikaci, mai ɗaukar aiki ne ke biya. Najeriya ta amince da ita a 2023. Kuma a dokar ƙwadago ta ƙasar nan, mai ɗibar ma'aikata sai da lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Rajistar CAC kaɗai ba lasisin ɗibar ma'aikata ba ce, shaida ce kawai cewa an yi wa suna rajista. Masu nufin Saudiyya kuma su sani, dokar ƙwadagon ƙasar ta ɗora kuɗin ɗauko ma'aikaci da na iƙama da na izinin aiki a kan mai ɗaukar aikin, kuma riƙe fasfon ma'aikaci laifi ne a can. Abin da ake kira biza ta 'yanci, wadda za ka saya ka je ka yi ta buga-buga kana biyan kafili duk wata, dokar ƙasar ba ta san da ita ba, ranar da aka kama ka kai ne a ciki.

Abin ya wuce asarar kuɗi. A 'yan shekarun nan an yi ta kwasar matasa daga ƙasashe da dama, har da na Afirka, da tallar aikin kwamfuta a Tailan, suna sauka a tsallaka da su iyaka zuwa yankin Myawadi na ƙasar Myanma, a kulle su a gidajen da ake tilasta musu damfarar mutane ta intanet. A farkon 2025 an fito da dubbai daga waɗannan wurare. Da talla a waya abin ya fara. Wanda ya ga alamar irin wannan a kan ɗansa ko ƙaninsa, hukumar NAPTIP don haka aka kafa ta tun 2003.

Wani zai tambaya, to ɗan kuɗin da ake sayen damar tura buƙata a Upwork fa? Wannan a fahimtata daban ne. Abin da ka saya sananne ne, damar isar da takardarka, kuma an isar. Ba a yi maka alƙawarin aiki ba. Kamar kuɗin shiga kasuwa ne, ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba. Haka wanda ka biya ya gyara maka takardar neman aiki, ladan gyara ya karɓa. Amma ma'aikacin cikin kamfani ko na gwamnati, wanda albashi ake ba shi don ya tace masu nema, ya ce sai ka ba shi na goro ko albashin wata biyu kafin ya saka sunanka, wannan ba dillali ba ne. Hukuncinsa yana cikin ƙissar Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo yana ware wani abu da sunan kyautar da aka ba shi, Annabi (SAW) ya hau mimbari a kan maganar. Cin hanci ne ko da wane suna aka sa masa.

Mu ma a namu ɓangaren

Kada ejan ya sha duka shi kaɗai, don wallahi wasu tambayoyin da ake turo mini kunya suke ba ni.

Mafi yawa ita ce ta kewaye. Mutum ya sami mai aiki ta hanyar kasuwa ko ta hanyar ejan, da an saba sai a ce mu koma WhatsApp mu huta da kaso. A sharuɗɗan Upwork da ka danna ka ce ka yarda, akwai cewa wanda ka samu ta wurinsu ta wurinsu za a riƙa biyanka har shekara biyu, sai in an biya kuɗin fita. Ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce da cika ƙulle-ƙulle, kuma ba ta ware wanda aka ƙulla da kamfanin da ba na Musulmi ba. Ko a kara, wanda dillali ya haɗa shi da mai saye, suka ja gefe suka ƙarasa don su hana shi la'ada, kowa ya san sunan abin da ya yi. Ban da haka, ranar da ka fita daga kasuwar ka fita daga kariyarta, in mutumin ya cinye maka kuɗi babu mai bi maka.

Sai hayar asusu. Yaro yana Kano ko Zariya, ya karɓi asusun wani da ke Amurka, da sunansa da hotonsa, yana aiki a matsayin shi, suna raba kuɗi. Na san uzurin: ana raina ɗan Najeriya, wasu ayyukan ma ba a buɗe mana su. Gaskiya ne akwai wannan, kuma yana da ciwo. Amma mai aikin da wani mutum ya ƙulla, a wata ƙasa, wataƙila saboda dokar da ta hau kansa game da inda bayanan abokan cinikinsa za su je. Kai ka shigo da rigar wani. Ƙarya ce a suna, ƙarya a wuri, kuma kullum sai ka sabunta ta. Ba na iya halatta wannan. Kuma duk wanda ya yi ta ƙarya irin wannan aka kama, ƙofa yake ƙara rufewa ga na bayansa. Haka wanda aka ce ya ba da asusun bankinsa a riƙa turo kuɗi yana wucewa da su ana ba shi kaso da sunan aiki, ya sani kuɗin sata ake wankewa da sunansa, kuma ƙofarsa EFCC za ta fara bugawa.

Mas'alar ba wa wani aikin da aka ba ka kuwa tana bin irin yarjejeniyar. Fuƙaha'u sun raba ma'aikaci gida biyu. Akwai wanda aka ɗauka don lokacinsa, kamar mai aikin awa-awa da manhaja ke ɗaukar hoton allon kwamfutarsa lokaci-lokaci. Wannan lokacin da aka saya ba nasa ba ne, ba zai sa ƙaninsa ya zauna masa ba, ba zai kunna agogon mutum biyu a awa ɗaya ba. Sallar farilla dai ba ta shiga cikin abin da aka saya, sai ka tsayar da agogo ka je ka yi. Akwai kuma wanda aka ba jinga don sakamako, shi yana iya neman taimako in ba a shardanta masa hannunsa ba, amma duk ɓarnar da ta fito shi ke da lamuni. Manhajojin nan masu rubutu da fassara da kansu su ma nan suka faɗo: in mai aiki ya ce kada a yi da su, to kada a yi, in bai ce ba amma ya ɗauka aikin hannunka yake saye, ka gaya masa.

Duk wannan rigima rabinta rubutu ke kashe ta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take. Kafin ka taɓa aiki a rubuta mene ne aikin, gyara sau nawa, nawa ne lada, da wane kuɗi, dala ko naira, in naira ce a kan canjin wace rana, wa zai ɗauki kuɗin turawa. In a kasuwar intanet ne, kada ka fara sai ka ga an ajiye kuɗin zangon farko a hannun kasuwar. In a waje ne, ka nemi kafin alƙalami, wanda a ijara halal ne, ba kamar ji'ala ba, kuma ka raba aikin zango-zango. Maganar da aka yi ta murya, ka bi ta da saƙo: kamar yadda muka yi magana ɗazu, kaza da kaza.

Jiya matashin nan ya dawo da wayarsa. Muka duba tare. Takardar da ya sa wa hannu tsakaninsa ne da kamfanin ejan ɗin, sunan wancan kamfanin na waje bai ma fito a matsayin mai ɗauka ba, kuma wata huɗun nan ana biyansa a kan lokaci, har da watan da ya ce ya ji kamfanin ya yi jinkiri. Wannan riga ta biyu ce. Sai dai can sama, a ranar da suke ciniki, ya nemi dala 700, ejan ya rubuto masa cewa ya yi iya ƙoƙarinsa amma kamfanin ya ce ba zai wuce 400 ba.

Na ce masa, ɗan uwa, ribar da ya ci a matsayinsa na mai kwangila ba zan ce maka duka haƙƙinka ba ce. Amma wannan saƙon ƙarya ne, da shi ya sauko da kai, kuma ya yi maka magana kamar mai yi maka ciniki alhali da kai yake ciniki. Kana da ikon ka warware ko ku sake sabon farashi. Abin da ya wuce na wata huɗu kuwa ba a yanke shi da jin bakin mutum ɗaya, sai an zauna da shi, ko sulhu ko gaban mai hukunci. Na hana shi zuwa wurin kamfanin ta bayan fage, domin a takardarsa akwai sharaɗin ba zai yi musu aiki kai tsaye ba sai bayan wata shida da rabuwa, na kuma hana shi ajiye aikin wannan watan a tsakiya, tunda mutanen can ba su yi masa laifin komai ba.

A nan cikin masallaci muka rubuta saƙon tare, babu zagi, babu barazana. Ya faɗi abin da ya gani da yadda ya gan shi, ya manna hoton tsohon saƙon, ya nemi 700 daga wata mai kamawa, da zama a kan na baya. Da safen nan ya turo mini cewa ejan ya amsa, ya ce zai iya 600, maganar baya kuma bai ce komai ba. Na ce ya karɓa ko ya ƙi wannan shawararsa ce, amma ya sake tambayarsa ta bayan a rubuce, kuma sabon farashin a sa shi a takarda kafin ɗaya ga wata.

Wallahu a'alam.